Darasi: Yadda Furoton Ke Ratsa Siririn Fallen Ƙarfe

Duk macen da ta taɓa sayen 'yan kunne ko sarƙa a kasuwar Bodinga ko ta Shagari ta san bambancin zinari da abin da aka yi wa ruwan zinari. Na biyun tagulla ce ko wani ƙarfe mai araha a ciki, aka lulluɓe shi da zinarin da sau da yawa kaurinsa bai kai maikiromita ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Silin gashin kai ya fi shi kauri sau hamsin ko fiye. Maƙerin farfaru yana da dabarunsa na ganewa: ya goga a dutsen gwaji ya duba launin zanen, ya ɗora a ma'auni, ko ya ɗan kankara ya ga abin da ke ƙasa. Amma da za a ce ya faɗi kaurin wannan lulluɓi daidai, kuma ba tare da ya ƙwarzani kayan ba, sai ya ce ba shi da abin awon. Masana kimiyya suna da shi, kuma hanyar da suka bi suka same shi ita ce maganar wannan darasi. Hujja ɗaya muke so mu kafa: abin da ido ba ya gani ana iya auna shi awo tabbatacce, idan aka harba masa wani abu da aka san nauyinsa da gudunsa, sannan aka ƙirga abin da ya fito, ta ina ya fito, kuma da sauran ƙarfi nawa. Furoton mai ƙaramin kuzari shi ne wurin da wannan hujja ta fi shan gwaji, domin a nan ne lissafi mai sauƙi yake fara gazawa.

Kowane abu, ƙarfe ne ko ruwa ko iska, an gina shi da ƙwayoyin zarra. Kowace zarra tana da cibiya, inda kusan dukkan nauyinta ya taru, da ƙananan ƙwayoyi masu suna ilektiron da ke kewaye da ita. Cibiya tana ɗauke da caji irin na kan batir mai alamar tarawa, ilektiron kuma yana ɗauke da na kan mai alamar ɗebewa. Caji iri ɗaya suna ture juna, mabambanta kuma suna jan juna. Furoton shi ne cibiyar zarrar haidurojin, zarrar da ta fi kowace sauƙi. Idan aka raba ta da ilektiron ɗinta guda ɗaya, abin da ya rage shi ne furoton. Ya fi ilektiron nauyi sau 1,836. Yawan furoton da ke cikin cibiya shi ne ke raba wannan sinadari da wancan: alminiyom yana da 13, jan ƙarfe 29, azurfa 47, zinari 79, dalma 82. Abin da ya kamata ku riƙe sosai shi ne ƙanƙantar cibiya. Da za a hura zarrar zinari har cibiyarta ta kai girman ƙwayar gero, da zarrar kanta ta zama fili mai faɗin mita arba'in, ƙwayar geron nan tana tsakiyarsa. Ƙarfen da muke ganinsa a toshe, a wurin furoton kusan duk sarari ne.

Ana auna kuzarin furoton da yawan bolt ɗin lantarkin da ya ingiza shi. Wanda bolt ɗaya ya ingiza yana da ilektiron-bolt ɗaya. Dubu daga cikinsu ana rubuta su keV, miliyan kuma MeV. Idan masana suka ce ƙaramin kuzari, galibi suna nufin daga 'yan keV zuwa 'yan ɗaruruwa, wani lokaci har zuwa MeV ɗaya ko biyu. Bolt 100,000 ya isa ya ba furoton keV 100, kuma wannan bai kai bolt 132,000 na babban layin wutar da ke zuwa Sakkwato daga Birnin Kebbi ba. Sai dai kada kalmar ƙarami ta ruɗe ku: furoton mai keV 100 yana gudun kilomita 4,400 a daƙiƙa ɗaya, mai MeV ɗaya kuma kusan 14,000. Rana ma tana feso irinsu ba dare ba rana, masu kuzarin keV ɗaya ko makamancin haka, suna tafiyar kilomita 400 a daƙiƙa, amma maganaɗisun duniya da iskar da ke lulluɓe da ita suna tare mana su.

Asalin dabarar ba da furoton aka fara ta ba. A shekarar 1909, a Jami'ar Manchesta ta Ingila, Hans Geiger da ɗalibi Ernest Marsden, ƙarƙashin jagorancin Ernest Rutherford, suna harbin fallayen ƙarfe da ƙwayoyin alfa, waɗanda suka fi furoton nauyi sau huɗu kuma suke fitowa da kansu daga sinadarin radiyom. A lokacin, ra'ayin da ya fi karɓuwa shi ne na J. J. Thomson, wanda ya gano ilektiron a 1897: cewa cajin tarawa a baje yake ko'ina cikin zarra, ilektiron kuma a tsattsarge a cikinsa. In haka ne, babu wani wuri a cikin zarra da ke da ƙarfin da zai juya ƙwaya mai nauyi da gudu irin alfa. Iyakacinta ta ɗan karkata kaɗan. Mafi yawan ƙwayoyin kuwa haka suka yi: bayan ratsa fallen zinari mai kaurin santimita 0.00004, wanda ya ƙunshi layin zarra sama da dubu, karkatar da aka fi gani ba ta kai digiri ɗaya ba. Amma akwai 'yan tsiraru da suka dawo baya. A kan filatinom, kamar ɗaya cikin 8,000 ce ta dawo. A siririn fallen zinarin nan, kamar ɗaya cikin 20,000 ce ta juya digiri 90 ko fiye. Mai gaggawa zai ce ɗaya cikin dubu ashirin ba abin kulawa ba ne. Rutherford ya kula, domin a lissafin Thomson ko guda ɗaya bai kamata a gani ba, ko da an shekara ana harbi. A 1911 ya fitar da amsarsa: cajin tarawa da nauyin zarra sun dunƙule a wuri ɗaya ƙanƙani, kuma ƙwayar da ta nufi wurin kai tsaye ita ce ake turowa baya. Shi ne kuma a 1919 ya fitar da furoton daga cibiyar naitirojin, aka raɗa masa suna a 1920.

A nan ɗalibi mai hankali zai ɗaga hannu ya ce: gani ya kori ji, wa ya ga cibiyar nan? Gaskiya ne babu wanda ya gan ta, kuma tambayar ba ta raini ba ce. Amsar ita ce Rutherford bai tsaya ga ba da labari ba, ya ba da lissafin da za a iya ƙaryata shi da shi. Ya ce in akwai cibiya, to yawan ƙwayoyin da za su kauce zuwa kowace kusurwa zai bi wani tsari takamaimai. In an rage kuzarin ƙwayar zuwa rabi, masu kaucewa za su ninka huɗu. In an canza ƙarfe, yawansu zai bi cajin cibiya a ninka shi da kansa. Geiger da Marsden suka zauna cikin ɗaki mai duhu, ido a kan madubin ƙara girma, suna ƙirga ƙyallin da kowace ƙwaya ke yi idan ta faɗa kan wani allo na musamman. Sun ƙirga sama da 100,000, daga kusurwar digiri 5 zuwa 150, suka buga sakamakon a 1913, ya kuma dace da lissafin. A ganina gwajin da ya fi kowanne ƙarfi a cikin aikinsu shi ne na kauri. Da dawowar ƙwaya sakamakon ƙananan ture-ture ne masu yawa da suka taru, da yawan masu dawowa bai bi kauri sawu da ƙafa ba. In kuwa karo ɗaya ne da abu ɗaya mai ƙarfi, to ninka kaurin falle zai ninka adadin cibiyoyin da ke kan hanya, masu dawowa su ninka daidai. Abin da aka samu ke nan. Mutumin da ya faɗi adadi tun kafin a ƙirga, a kan ƙarfe daban-daban da gudu daban-daban, kuma ƙirga ta gaskata shi kowane karo, ya ba da shaidar da ta fi ta ganin ido wuyar rushewa, domin ido ɗaya kan yi kuskure, amma wannan ƙirga kowa na iya maimaita ta a ko'ina.

Furoton da ya shiga falle abu biyu ne ke samunsa, kuma wajibi ne a raba su. Na farko karkata, wadda cibiyoyi ke jawowa, tun da su ne masu nauyin da za su iya juya shi. Cibiyar zinari ta fi ta alminiyom iya wannan aiki kusan sau 37, domin 79 a raba da 13 ya ba da shida da ɗoriya, shida da ɗoriya kuma a ninka da kansa ya ba da 37. Na biyu rage gudu, wanda aikin ilektiron ne. Ilektiron bai da nauyin da zai karkatar da furoton, amma suna da yawa, kowanne kuma da furoton ya wuce kusa da shi yana fizgarsa, ya bar masa ɗan kuzari. Sannu a hankali kuzarin ya ƙare. A cikin alminiyom, furoton mai MeV 10 yana tafiyar abin da ya ɗan haura rabin milimita kafin ya tsaya. Mai MeV ɗaya maikiromita 14 zuwa 15 yake yi, kusan kaurin fallen alminiyom ɗin da ake naɗe abinci da shi. Mai keV 100 kuwa da kyar yake cika maikiromita ɗaya. Wannan shi ya sa ake nacewa a kan siririn falle: in ana son furoton mai ƙaramin kuzari ya fita ta ɗaya gefen a auna shi, dole kaurin ya zama 'yan gomomin nanomita, nanomita kuwa kashi ɗaya ce cikin dubu na maikiromita. Zinari ya samu fifiko a wannan aiki saboda ba ya tsatsa kuma yana buguwa fiye da kowane ƙarfe. Giram ɗaya ana iya buga shi ya rufe rabin murabba'in mita.

Ku sake duba waɗannan alƙaluma, akwai abin da ya saɓa wa zato a cikinsu. Mutum zai ɗauka mai gudu sosai shi zai fi yin ɓarna a kowane taku. Akasin haka ne. Furoton mai MeV 10 yana zubar da kamar keV 9 a kowace maikiromita ta alminiyom, mai MeV ɗaya yana zubar da kamar 46, wanda ya sauko zuwa keV 100 kuma yana zubar da fiye da 100. Dalili shi ne mai sauri ba ya daɗewa kusa da ilektiron har ya fizge shi sosai. Mai tafiya a hankali shi ke samun lokacin. Don haka yana rage gudu yana ƙara zubar da kuzari, yana ƙara zubarwa yana ƙara rage gudu, har ya juye mafi yawan abin da ya rage masa daf da inda zai tsaya. William Henry Bragg ne ya fara lura da haka a Adelaide ta Ostiraliya a farkon shekarun 1900, da ƙwayoyin alfa, shi ya sa ake kiran wannan ƙololuwa da sunansa. Hans Bethe ya rubuta lissafinta a 1930, kuma lissafin nasa yana aiki sosai muddin furoton ya fi ilektiron ɗin ƙarfen gudu nesa ba kusa ba.

Ƙasa da wannan ƙololuwa ne al'amari ke rikicewa, kuma nan ne zuciyar darasinmu. Lissafin Rutherford ya ɗauka furoton yana fuskantar cibiya tsirara. Ga mai MeV ɗaya hakan kusan gaskiya ne, domin yana iya kutsawa can ciki, ya bar kusan dukkan ilektiron a bayansa. Mai keV 10 kuwa turin cibiyar zinari yana tsayar da shi a nisan da ya ninka wancan sau ɗari, inda ilektiron na ciki suka shiga tsakaninsa da ita suka rage masa jin cajinta. Sakamakon haka karkatar ba ta kai abin da lissafin ya faɗa ba. Bayan haka, karo ɗaya ya daina zama ƙa'ida: furoton mai rauni kowace cibiya ya wuce sai ta ɗan ture shi, ƙananan ture-turen su taru, abin da ya shiga a siririn layi ya fito a baje, kuma bajewar tana ƙaruwa da kaurin falle. Gert Molière ya yi lissafin wannan tarin karkata a 1947 da 1948. Abu na uku ya fi ban mamaki. Furoton mai keV 25 gudunsa ya yi daidai da na ilektiron ɗin haidurojin, kamar kilomita 2,200 a daƙiƙa, don haka yana iya ɗaukar ilektiron a hanya ya koma cikakkiyar zarra, ya yar da shi, ya sake ɗauka. A ƙasa da wannan kuzari da yawansu suna fitowa babu caji, na'urar da caji kaɗai take gani kuma ba za ta ƙirga su ba. Rage gudun ma ya sauya hali: maimakon ya ƙaru, sai ya riƙa raguwa daidai da raguwar gudu, kamar yadda Enrico Fermi da Edward Teller suka nuna a 1947, Jens Lindhard da Morten Scharff suka faɗaɗa a 1961. Wannan ƙa'ida ma ba ta tsira ba. Gwaje-gwajen da aka yi a Bariloche ta Ajantina a shekarun 1990, da wasu a Linz ta Ostiriya daga baya, sun nuna zinari da azurfa da jan ƙarfe suna kauce mata a 'yan keV, saboda wani rukuni na ilektiron ɗinsu yana ɗaure da ɗan ƙarfi, furoton mai jan ƙafa ba ya iya motsa shi. Ga kuma tsarin zarra kansa: a ƙarfen da zarrarsa suka jeru sahu-sahu, furoton da ya dace da tsakanin sahu yakan zarce ya yi nisa fiye da 'yan'uwansa, abin da aka gano a farkon shekarun 1960. Kai, ko dattin saman falle yana shiga lissafi. Alminiyom da ya sha iska yana yin ɓawon da ya kai 'yan nanomita, kuma a falle mai nanomita 20 ɓawon fuska biyu ba ƙaramin kaso ba ne.

Wani zai ce, to in ƙa'idar Rutherford ta gaza a nan, ta Bethe ta gaza, ta Lindhard ma tana da inda take tuntuɓe, me ya rage na tabbacin da aka yi mana alkawari? Wannan suka tana da nauyi, amma ta manta da wanda ya tona gazawar. Ba wata hanya dabam ce ta nuna kuskuren ba. Harbi da ƙirgan nan ne dai. Kowace kaucewa da aka gani an auna girmanta, an gano dalilinta, an kuma mayar da ita abin awo: raguwar karkata ta faɗi yadda ilektiron suka kewaye cibiya, zarcewa tsakanin sahu ta faɗi ko zarra sun jeru daidai ko sun karkace, tuntuɓen da aka gani a zinari ya faɗi ƙarfin ɗaurin ilektiron ɗinsa. Ƙa'idar da aka san iyakarta ta fi amfani a kan wadda ake zaton ba ta da iyaka. Haɗarin yana wurin wanda ya raina ƙaramin kuzari, kuma akwai misali mai tsada. A watan Yuli na 1999 Amurka ta harba tauraron hangen sararin samaniya mai suna Chandra, wanda madubansa ke lulluɓe da siririn ƙarfen iridiyom. An yi masa garkuwa daga manyan ƙwayoyi masu ratsa bango. Cikin 'yan makonni sai aka ga takwas daga cikin idanu goma na wata kyamararsa sun fara lalacewa. Bincike ya nuna furoton masu keV 100 zuwa 'yan ɗaruruwa ne, waɗanda tauraron ke tararwa idan ya ratsa yankin da maganaɗisun duniya ya tara su. Suna gogar fuskar madubin a kwance su zame, su bi hanyar da aka tanadar wa haske, su ratsa siririn matacin da aka shafa wa alminiyom, su tsaya daidai zurfin da kyamarar ke tara saƙonta, su zubar da kuzarinsu a can. Da sun fi haka ƙarfi da sun wuce da ƙaramar ɓarna. Maganin da aka yi shi ne janye kyamarar gefe duk lokacin da za a ratsa yankin. Saboda irin waɗannan furoton ne kuma ake rufe farantan sola na taurarin ɗan'adam da siririn gilashi.

Mu koma ga 'yan kunnen. Furoton da ya buga cibiya ya dawo baya ba ya dawowa da dukkan kuzarinsa, kuma abin da ya rasa ya danganta da nauyin abin da ya buga. Lissafin mai sauƙi ne: in aka ɗauki nauyin furoton a matsayin ɗaya, a ɗebe ɗaya daga nauyin cibiyar, a raba da nauyin da aka ƙara wa ɗaya, a ninka amsar da kanta. Zinari nauyinsa 197 ne, don haka 196 a raba da 198, a ninka da kansa, ya ba da kashi 98 cikin ɗari. In an harba furoton mai keV 2,000, zai dawo daga zinari da kamar 1,960, daga jan ƙarfe da 1,880, daga alminiyom da 1,720, daga gawayi da 1,430. Wanda ya dawo daga ƙasan lulluɓin kuma ya biya kuɗin shiga da na fita ga ilektiron, don haka ya fi na sama rauni, tazarar da ke tsakaninsu ita ce kaurin lulluɓin. Ga ma'aunin da maƙeri ya rasa, kuma kayan ba su ƙwarzanu ba. Yana da rauninsa: dalma mai nauyin 207 za ta mayar da furoton da kamar 1,962, wanda na'ura ba za ta iya raba shi da na zinari ba. A nan ake komawa ga wata dabara da Sven Johansson da abokan aikinsa suka fito da ita a Lund ta Suwidin a 1970. Furoton yakan fizge ilektiron na can ciki, wani ya faɗo ya cike gurbin, zarrar ta saki hasken ekis-re irin na hoton ƙashi, kuma kowane sinadari da nasa irin hasken da ba ya kama da na wani. Duka dabarun biyu ana yin su a Najeriya, a Cibiyar Bincike da Bunƙasa Makamashi ta Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, inda akwai na'urar ingiza ƙwayoyi mai bolt miliyan 1.7. A arewa, cibiyar makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004. Ita da niyutiron, wata ƙwayar cibiya marar caji, take aiki, ba furoton ba, amma tunanin ɗaya ne: a aika da abin da aka sani, a karanta abin da ya dawo.

Saura suka ta uku, wadda ta fi kowace saurin zuwa bakin mutum: ina ruwan manomin Dandin Mahe da wannan? Dole a yarda da rabinta. Babu mai ɗaukar sarƙar aure ya kai Ile-Ife, dutsen maƙeri ya ishi cinikin kasuwa, kuma na'urar ingiza ƙwayoyi ba abin da ƙaramar hukuma za ta saya ba ne. Amma tambayar mene ne a cikin wannan ƙasa, ko wannan gari, ko wannan ruwa, ba tambayar masu hutu ba ce. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, ƙasar da har 1996 jiha ɗaya take da Sakkwato. Ana niƙa dutsen zinari a cikin gidaje, dutsen kuwa cike yake da dalma. Yara aƙalla 400 suka rasu. Ƙurar ba ta da wani launi ko wari da zai nuna guba ce. Abin da ya nuna gidan da ya gurɓata da wanda ya tsira shi ne awon jini da wata na'urar hannu da ke karanta hasken da zarrar dalma ke saki. Na'urar da hasken ekis-re take tsokanar zarra, ba da furoton ba, amma hasken da take karantawa shi ne wanda muka bayyana. Tozalin da ake yi da dutsen dalma, wanda ake rambaɗa wa jarirai, da irin wannan awo aka tabbatar da abin da ke cikinsa. Wanda ya fahimci yadda awon ke aiki ba zai ɗauki maganar ma'aikacin lafiya a kan ƙurar da ba ya gani a matsayin ji-ta-ji-ta ba, kuma zai san tambayar da zai yi: da me aka auna, nawa aka samu, a ina. Wayar da ke aljihunsa ma ba ta rasa alaƙa da maganar. A farkon shekarun 1990 Michel Bruel na Grenoble ta Faransa ya gano cewa in aka harba furoton masu kuzari ɗaya cikin silikon, duk za su tsaya a zurfi ɗaya, in an ɗumama sai silikon ya tsage daidai wurin, a samu falle mai santsi da babu wuƙar da za ta iya yankawa. Da irin wannan falle ake yin wasu sassan da ke sarrafa siginar wayoyin hannu.

Batun tsoro kuwa gajere ne. Furoton mai MeV ɗaya santimita biyu da 'yan kai yake yi a iska ya tsaya, shi ya sa ake gwajin cikin bututun da aka zuƙe wa iska, kuma da an kashe na'ura harbin ya ƙare. Wannan ba ya nufin wasa ne. Akwai babbar wuta da hasken ekis-re a wurin, kuma hukumar kula da harkokin nukiliya ta Najeriya ce ke ba da lasisin irin waɗannan na'urori. A ɓangaren amfani kuma, halin nan na zubar da kuzari a ƙarshen tafiya shi ne Robert Wilson ya ba da shawara a 1946 a yi amfani da shi a ƙona ciwon daji, aka fara gwadawa a Berkeley ta Amurka a 1954. Furoton mai MeV 200 yana shiga kamar santimita 26 cikin jiki, ya yi babban aikinsa a inda aka tsara ya tsaya, abin da ke bayan wurin kuma ya tsira. A tsofaffin na'urorin wannan magani, da siririn fallen ƙarfe mai nauyi irin dalma ake baje harbin don ya rufe faɗin ƙarin, wato warwatsuwar da ke damun mai awo ita likita yake nema. A Afirka, wata cibiya da ke kusa da Cape Town ta fara wannan magani a 1993.

Kafin darasi na gaba, kowa ya gwada hannunsa. Azurfa nauyinta 108 ne: ku lissafa kuzarin da furoton mai keV 2,000 zai dawo da shi daga gare ta, ku faɗi ko za a iya raba ta da zinari a sarƙar da aka haɗa su. Sannan ku ɗauka an harba furoton masu MeV biyu a fallen zinari, na'ura ta ƙirga 50 da suka dawo baya. Nawa za ta ƙirga in aka rage kuzarin zuwa MeV ɗaya, kuma nawa in aka bar kuzarin yadda yake aka ninka kaurin fallen? Daga ƙarshe ku tattauna a aji dalilin da ya sa wannan lissafi ba zai ba ku amsa daidai ba in aka sauko da kuzarin zuwa keV 10.